Lokacin Sauke Kasko: Jawabi ga Masu Dafa Ruwan Rake na Jalingo da Kewayenta

Jama'a, rake ba baƙon abu ba ne a Jihar Taraba. Ana nomansa a fadamun Kogin Binuwai, musamman wajejen Lau, ana kuwa kawo shi Jalingo dami-dami. Galibi shansa ake yi ɗanye. Amma rake ba ya jimre ajiya, don haka tun da daɗewa mutanen Arewa suka koyi matse shi su dafa ruwan ya zama maɗi ko mazarƙwaila, sana'ar da ƙasar Zazzau, musamman Maƙarfi, ta yi suna a kanta. Wanda ya shiga wannan sana'a zai tarar noma da sara da matsa duk wahala ce ta jiki. Wurin da riba ko hasara take shi ne 'yan mintocin ƙarshe, watau lokacin da za a sauke kasko daga wuta.

Ruwan rake da aka matse yanzu, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai sukari da 'yan abubuwan da ke tare da shi, saura duk ruwa ne. Dahuwa ba ta ƙara zaƙi ko kaɗan, korar ruwa take yi. Buhun rake mai nauyin kilo 100 yakan ba da mazarƙwaila wajen kilo 10. To, in aka sauke da wuri, ruwan da ya rage ya isa ƙwayoyin tsami da fumfuna su rayu a ciki, sai maɗi ya yi kumfa a kwalba, mazarƙwaila kuma ta ƙi sandarewa, ta narke a hannun mai talla. In kuwa aka wuce wuri, sai ta yi baƙi, ta yi ƙauri, nauyinta ya ragu, an kuma ƙone itace a banza.

A kan wannan al'amari akwai abin koyi daga mutanen Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Suna da wata itaciya da ake kira mapul, ita ce ganyenta ke jikin tutar Kanada. A ƙarshen hunturu sukan huda jikinta su tari ruwan da ke ɗigowa. Zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 2 cikin ɗari, har sai an dafa lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta maɗi. Mutumin da ya sha irin wannan wahala ba zai yarda ya sauke kasko da ka ba. Saboda haka dokar Kanada ta tsayar cewa maɗin mapul kada sukarinsa ya kasa kashi 66 cikin ɗari. Ƙasa da haka yakan lalace a ajiye. In kuma ya haura sosai, sai sukari ya taru a gindin kwalba kamar tsakuwa. Tsakanin lalacewa da daskarewa tazarar ba ta fi kashi biyu ko uku ba. Lardin Kwibek, wanda ke fitar da mafi yawan maɗin mapul na duniya, da wannan awo yake ciniki.

Hanyar da suke gane an kai wurin mai sauƙi ce, mai dafa rake kuma zai iya binta. Ruwa tsantsa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, ba ya wuce nan kome ƙarfin wuta. Amma gwargwadon yadda sukari ke ƙaruwa a cikinsa, haka zafin tafasarsa ke hawa. Idan sukari ya kai kashi 66, zafin yakan ɗara na ruwa da digiri 4. Ma'aunin zafi ke nan ya zama ma'aunin kauri. Mai son maɗin rake na zubawa a kunu ko alkaki sai ya sauke da zafi ya ɗara na ruwa da digiri 4 zuwa 6. Mai son mazarƙwaila sai ya ci gaba. A Indiya, inda ake kiranta gur, ake kuma yin ta fiye da ko'ina, akan sauke ne a wajen digiri 118.

Amma fa a lura, digiri 100 ɗin nan na bakin teku ne. Duk hawan mita 300, tafasar ruwa na raguwa da wajen digiri ɗaya. A Jalingo ruwa na tafasa ne a wajen digiri 99. A Gembu, bisa tsaunin Mambila, inda tudun ya kai wajen mita 1,600, yana tafasa a wajen digiri 95. Mutumin Gembu da ya karanta a takarda cewa maɗi na nuna a digiri 104, ya kuma tsaya jiran wannan lamba, zai wuce wuri da nisa. Maganin abin shi ne kowace safiya a tafasa ruwa tsantsa a tsoma ma'aunin, a rubuta abin da ya nuna, sa'an nan a ƙara digirin da ake bukata a kai. Wannan ya kuma rufe wa ma'aunin da ba shi da daidai asiri, gama kuskurensa na shiga lissafin tun farko. Kada bakin ma'aunin ya taɓa gindin kasko, domin ƙarfe ya fi abin da ke cikinsa zafi.

Ba a ce a raina gwajin tsofaffin masu sana'a ba. Sukan ɗebo kaɗan da ludayi su ɗiga cikin ruwan sanyi. In ya watse, da saura. In ya kwanta ya dunƙule har a mulmula shi da yatsa ya tsaya, lokacin mazarƙwaila ya yi. Gwaji ne na gaskiya, ya kuma dace da abin da ma'auni ke faɗa. Gazawarsa ita ce yana bukatar hannun da ya shekara yana yi, ga shi kuma a ƙarshen dahuwa zafi na hawa da sauri, kafin almajiri ya gama mulmulawa kasko ya wuce. Don haka in an matso sai a janye itace, a rage wuta, muciya kuma kada ta huta. Gwajin ido shi ne mafi ruɗi, gama maɗi mai zafi kullum ya fi tsinkewa, sai ya huce kaurinsa na ainihi ke fitowa. Mai shakka yana iya auna wanda ya huce a sikeli: lita ɗaya ta maɗin da ya kai tana da nauyin wajen kilo ɗaya da giram 320, ban da nauyin kwalba. Ƙungiyar manoma da ke da hali kuma tana iya sayen ɗan madubin awon sukari da kamfanonin sukari ke aiki da shi, wanda ɗigo ɗaya ya ishe shi.

Akwai lokacin da awo zai yi daidai amma mazarƙwaila ta ƙi kamawa. Laifin ba na wuta ba ne. Raken da bai ƙosa ba, ko wanda aka sare ya kwana biyu a rana, ko ruwan da aka matse aka bar shi ya fara tsami, sukarinsa ya riga ya juye zuwa wani iri wanda ba ya sandarewa, yana kuma jan laima. A matse rake cikin kwana ɗaya da sararsa, ruwan kuma a tace shi a ɗora nan da nan. Abin mamaki, tsamin nan da ke ɓata mazarƙwaila shi ke taimakon maɗi: 'yan ɗigon lemun tsami a kasko na hana shi daskarewa a kwalba. Don haka tilas mai dahuwa ya san abin da yake nufin yi tun kafin ya hura wuta.

Kumfar da ke tasowa da farko datti ce, a kwashe ta tun tafasa ba ta yi ƙarfi ba, in ba haka ba ta nitse ta baƙanta kaya. Manoman Indiya sukan jiƙa dakakken karan kuɓewa su zuba yauƙin a kasko, ya tattaro dattin sama. In kasko ya taso zai zube, ɗigon man gyaɗa na kwantar da shi. A kuma nisanta yara, domin maɗi mai tafasa yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni.

Maɗi a ɗura shi da zafinsa, kada ya sauka ƙasa da digiri 82, cikin kwalabe wankakku busassu, a rufe nan take. Mazarƙwaila kuwa a ci gaba da juya ta bayan an sauke har ta fara dushewa, sa'an nan a zuba a kwanonin da za ta sandare. Wadda za a ajiye har damina a naɗe ta da kyau, a ɗora bisa katako nesa da ƙasa da bango, gama laimar watan Agusta a Jalingo na iya narkar da ita a cikin buhu.