Dutsen da ke ƙarƙashin gidajenmu da ruwan da muke sha



An nemi mu yi magana a kan kogo da yadda yake samuwa. Wani zai ce ina ruwan mutumin Sakkwato da kogo, alhali ko tsauni na kirki ba mu da shi? To, a yi mana haƙuri, maganar za ta iso ƙofar gida.

Kogo iri-iri ne. Akwai wanda manyan duwatsu suka jingina da juna suka bar rata, irin Kogon Hira da alhazanmu ke hawa a Makka. Akwai wanda igiyar teku ta ƙwaƙule a gaɓa, da wanda narkakken dutse ya bari bayan aman wuta. Amma mafi girma a duniya ruwan sama ne ya haƙa su, cikin dutsen farar ƙasa. Kogon Mammoth na Amurka, hanyoyinsa da aka auna sun wuce kilomita 600.

Ga yadda abin yake. Ruwan sama yana haɗuwa da iskar kabon tun a sararin samaniya, ya ƙara kwasar ta daga ruɓaɓɓen ganye a cikin ƙasa, sai ya yi ɗan tsamin da harshe ba ya ji. Dutsen farar ƙasa kuwa yana ji. Ruwan ya bi tsaga mai siririn gashi, yana lasar dutsen kaɗan-kaɗan, shekara dubu bisa dubu, tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, har ya kai mutum ya shiga a tsaye. Inda ruwan ke ɗiga daga rufin kogo, yakan mayar da abin da ya ɗauko, sai a ga farin dutse yana reto kamar hauren giwa. Inda rufin ya yi rauni kuma, ƙasa ta rufta.

Wannan dutsen shi ne a ƙarƙashinmu. Masana sun ce kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki, kuma ɓawon halittun da suka mutu cikinsa ne ya taru ya daskare. Har yau ana tsintar burbushinsu a Kalambaina da Dange. A littattafan ilmin ƙasa ma sunan Kalambaina aka sa wa shimfiɗar dutsen. Shi ya jawo kamfanin siminti da aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, wanda yanzu yake hannun BUA Cement. Namu dutsen ba shi da kauri sosai, ga shi cakuɗe da yumɓu, don haka ramukansa ƙanana ne. Sai dai ruwa suke riƙewa. Daga cikinsu rijiyoyin gari da yawa ke sha, daga nan kuma idanun ruwan da ke ciyar da tafkin Kware suke ɓuɓɓugowa. Iyayenmu mata sun san shi tun kafin masana: farin abin nan da ke mannewa a gindin tukunya, da sabulun da ke ƙin kumfa, duk aikinsa ne.

A nan damuwarmu take. Yashi yana tace ruwa, tsagar dutse ba ta tacewa. Abin da ya shiga ta nan, da sauri yake fita can. Unguwa ta cika, gidan da dā iyali ɗaya ne yau an raba shi huɗu, kowane sashe da shaddarsa, wata kuma taku kaɗan ne tsakaninta da rijiyar maƙwabci. Tsohuwar rijiya ta koma wurin zuba shara. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Sakkwato na cikin jihohin da ta fi taɓawa, kuma hanyar wannan cuta ita ce najasa ta haɗu da ruwan sha.

Mu mazauna birane mu ne masu aiko kuɗin gini. Mukan tambayi kalar fenti da irin tayil, ba kasafai muke tambayar inda aka haƙa masai ba. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, a kan irin wannan dutse ma hakan ba lalle ya isa ba. Inda fili bai ba da dama ba, a gina ramin da bulo a shafe shi da siminti, a riƙa kwashewa. Mai haƙa burtsatse ya toshe bakinta da siminti, kada ruwan sama-sama ya zurara ciki.

Muna roƙon kwamiti ya sa abu biyu a kasafin bana: a ƙidaya rijiyoyin unguwa, masu rai da matattu, a kai ruwansu awo, matattun kuma a yashe sharar, a cike su da yumɓu, a rufe. Masu unguwanni da limamai su ne za su buɗe mana ƙofofin gidaje, don haka da su za a fara zama.