Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Sirrin Wayar Manomin Rani



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zauna da gindinsa. A 2001 kuma wayar salula ta shigo Nijeriya. Yau da ita manomi yake jin farashin tumatir a Kwanar Gafan, da ita yake karɓar kuɗin shinkafarsa. Tambayata ita ce, wa yake kallon wannan waya?

Za ku ce ai saƙon a kulle yake. Gaskiya ne, tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni yadda sai mai aikawa da mai karɓa kaɗai suke iya karantawa. Amma ku dubi dillalin da ke zaune a bakin titin Zariya. Ba ya buɗe kwando ko ɗaya, alhali kuwa da ya ƙidaya motoci, ya lura da lokacin fitowarsu da inda suka nufa, ya san halin da kasuwa take ciki. To, haka saƙon waya yake. Ƙulli-ƙulli ake aika shi ta iska, kuma makulli ba ya ɓoye girman ƙullin, ko lokacin tashinsa, ko inda ya dosa.

Masana sun tabbatar da haka. A 2007 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna cewa daga girman ƙullin kawai ana iya gane harshen da ake magana da shi a wasu kiraye-kirayen intanet da aka kulle. A 2016 wasu a Jami'ar Oksfod ta Ingila da abokan aikinsu sun gwada manhajoji 110 na Android, suka riƙa gane wadda mutum ya buɗe ba tare da sun karya makulli ba. Watau mai leƙe yana iya sanin cewa wane ya shiga manhajar banki, ko da bai ga adadin kuɗin ba. A lokacin kaka, wannan kaɗai ya isa ya jawo wa mutum ido.

Bugu da ƙari, ƙaramar wayar da manoma da yawa suke riƙewa tana aiki ne da tsohon tsarin 2G, wanda Karsten Nohl, masani ɗan Jamus, ya fallasa raunin makullinsa a 2009.

Magani yana nan. Ana iya cika kowane ƙulli da ciko har girmansu ya zama ɗaya, a kuma jirkita lokacin aikawa. Sai dai ciko yana cin data da batir, ga shi manomi kaɗan-kaɗan yake sayen data, wajen mai caji kuma biya yake yi. Nan ne aikinku yake, ya ku ɗalibai: ku nemo kariyar da talaka zai iya ɗauka, ku gwada ta a Bunkure, kada ku tsaya a ɗakin gwaji.

Ku kuma ma'aikata, Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana hannunku. Ku karanta ta, ku yi aiki da ita, domin sirrin manomi amana ce. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.