Tarbiyyar Kwikwiyon Farauta da Sha'anin Kashinsa a Kudancin Kano



Bahaushe mutum ne mai kunyar ambaton abin da ke fita daga cikin ɗan Adam. Shi ya sa ya tanadi kalmomin sakayawa, irin su bayan gida da kewayawa da kama ruwa, ya kuma aro bawali da gayaɗi daga Larabci domin bakin malamai. Amma da aka zo kan kare babu wanda ya wahalar da kansa wajen neman sakayawa, kashi da fitsari kawai ake cewa. Da waɗannan kalmomi biyu wannan lacca za ta yi amfani, sai a yi gafara. Abin da za a duba shi ne yadda ake sarrafa kashi da fitsarin kwikwiyon da ake shiryawa domin gudun farauta, da dalilin da ya sa wannan abu, da ake gani bai taka kara ya karya ba, ya shafi tsarkin gida da lafiyar yara da kuma ingancin karen kansa.

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Zariya, zai ratsa ƙasar Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. In ya kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru ya karya hagu, hanya za ta kai shi Tudun Wada, daga nan ta kutsa Dajin Falgore ta faɗa ƙasar Doguwa, wadda hedkwatarta take Riruwai. Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 daga Kano, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 900. An keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Saboda haka cikinsa ba wurin farautar kowa da kowa ba ne a bisa doka. A saurukan da ke kewaye, da gindin duwatsu, da bakin rafuka ake sakin karnuka idan an kawar da amfanin gona, ana neman zomo da gafiya da burgu da gada, har zuwa faɗuwar damina.

Abu guda ya kamata a riƙe game da wannan ƙasa. Kogin Kano ta cikin Falgore ya biyo kafin ya zuba a Tiga, daga Tiga kuma ake ban ruwan lambunan Kadawa. Watau ƙasa ce ta fadama da rijiyoyi da makiyaya, inda sawun kare da na akuya da na yaro marar takalmi suke haɗuwa a turba guda.

Abin da fiƙihu ya tanada

Da yawa daga jama'a sun ɗauka kare najasa ne ɗungurungum. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, ba haka abin yake ba. Jikin kare mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuwa malaman mazhabar sun ɗauke shi bin umarni ne kawai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya hana ajiye kare a gida sai domin gona, ko dabbobin kiwo, ko farautar neman abinci wadda ba ta wasa ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Sharaɗin horon a wurin malamai shi ne in an tura kare ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya.

Inda najasar take shi ne kashinsa da fitsarinsa. Ashe ke nan mafaraucin da ya koya wa karensa inda zai tsuguna ya kawar da ainihin abin da ke ɓata masa tabarmar salla da tufafi. Wanda bai koya masa ba kuwa, ko da ya ɗaure shi can bayan danga, ranar da ya kwance sai tsakar gida ta gaya masa.

Yadda cikin kwikwiyo yake aiki

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an san lokacin da ya isa tanƙwarawa. A makonni uku na farko kwikwiyo ba ya iya kashi ko fitsari da kansa, sai uwar ta lashe masa mara. Daga mako na uku yakan fara rarrafawa ya bar makwancinsa kafin ya yi, domin kare bisa ɗabi'arsa ba ya son ɓata inda yake kwana. A kan wannan ɗabi'a ake gina dukkan horon. Wajen mako na takwas sai ya fara zaɓen irin ƙasar da ya fi so a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ya saba da rairayi zai nemi rairayi, wanda ya saba da daɓen siminti zai nemi siminti har girmansa. Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun nuna a binciken da suka buga a 1965 cewa tsakanin mako na uku da na goma sha biyu ne kare ke ɗaukar yawancin sabon da zai rayu da shi. Saboda haka kwikwiyon da za a fita da shi daji, a kan ƙasa da ciyawa ya kamata ya saba, a kusurwa guda ta bayan gida, nesa da rijiya da madafa.

Marar kwikwiyo ƙarama ce. Ƙiyasin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne awa guda ga kowane wata na haihuwarsa, watau ɗan wata uku ba zai riƙe fitsari fiye da awa uku da rana ba. Hanjinsa kuwa da zarar abinci ya sauka a tumbi yake motsawa, cikin minti 5 zuwa 30 zai nemi wuri. To, wanda ya san wannan ya san lokutan da zai kai shi kusurwarsa: da ya farka daga barci, da bayan ya ci, da bayan ya yi guje-guje. Alamarsa ba ta ɓuya. Zai bar wasa farat ɗaya, ya kafa hanci a ƙasa yana shinshina, ya shiga zagaye wuri guda.

A nan ne al'adar ba kare abinci a yawancin gidaje take kawo cikas. Karen da ake jefa wa ƙanzo da safe, ya lashe tukunya da rana, ya yi kiwon kansa a juji da yamma, babu mai iya sanin lokacin kashinsa, domin babu mai sanin lokacin cinsa. Sai an tsayar da lokacin ci, sau uku a yini ga ƙarami, sau biyu in ya haura wata shida, sannan lokacin kashi zai tsaya.

Sauran aikin na baki ne. Mafarauta sun riga sun iya magana da karnukansu ta hanyar fito da kiran suna. Abin da ake bukata shi ne a ware kalma guda ko fito iri guda, a riƙa yin sa daidai lokacin da kwikwiyo ya tsuguna, da ya gama a yaba masa, a ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Bayan 'yan makonni kalmar da kanta za ta riƙa sa shi neman wuri. Duka kuwa ɓata aiki yake yi. Kare ba ya haɗa hukunci da laifin da ya wuce da ko minti guda. Wanda aka jawo aka tura hancinsa cikin kashin da ya yi tun da hantsi, abin da zai koya shi ne tsuguno a gaban maigida hatsari ne. Daga ranar sai ya riƙa laɓewa bayan rumbu, in an fita da shi kuma ya ƙi yi sam sai an dawo gida. Haka nan ɗan fitsarin da kwikwiyo ke saki in an daka masa tsawa, na tsoro ne, ƙarin tsawa ƙara shi yake yi.

Ranar fita

An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Karin maganar ta yi daidai a sha'anin mutane, amma a sha'anin karnuka karen bara ya kamata a tura. Ƙasusuwan kwikwiyo suna da guringuntsi a bakin gaɓoɓi wanda ba ya gama ƙanƙancewa ya zama ƙashi sai ya kai wata 12 zuwa 18, gwargwadon girman irinsa. Doguwar tsere a kan busasshiyar ƙasar rani kafin wannan lokaci tana iya bar masa ɗingishin da ba ya warkewa. Kafin ya shekara, 'yar gajeriyar fita a gefen gari ta ishe shi, ya yi gudu in ya so, ya tsaya in ya gaji. A waɗannan gajerun fitowa ne ake kafa tsarin da zai bi ranar babbar farauta, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin kuwa shi ne, kada a cika masa ciki gab da gudu. A bar aƙalla awa biyu tsakanin ci da tsere, babban abincinsa kuma ya zama na yamma, bayan an dawo ya huta. Mafarautan da ke fita da karnuka da ɗan sauran yunwa suna cewa sun fi zafin nema, likitoci kuma suna da nasu dalilin. Kare mai zurfin ƙirji da ya yi gudu da cikakken tumbi yana cikin hatsarin tumbin ya kumbura ya murɗe, ciwon da ke kisa cikin 'yan awoyi. Sai dai ɗan wata biyu ko uku ba a barinsa da yunwa, wannan doka ta wanda ya tasa ce.

Da asuba a kai shi kusurwarsa, a yi masa kalmarsa. In an isa bakin daji kada a sake shi nan take. A yi tafiyar minti goma da shi a igiya, domin motsi da kansa yana tayar da hanji, kuma yawancin karnuka za su sake tsugunawa a wannan ɗan tsakani. Wanda aka hana wannan dama, a tsakiyar kora zai tsaya, zomo kuwa ba ya jira. Idan da mota za a tafi, kamar yadda ƙungiyoyin mafarauta ke cunkusa mutane da karnuka a bayan a-kori-kura, to a tabbata ya yi kafin a hau, a kuma sauke shi a hanya in tafiyar ta yi tsawo.

Akwai bambanci tsakanin fitsarin sauke mara da na sa alama. Namiji in ya fara balaga, daga wajen wata shida, yakan ɗaga ƙafa ya ɗiga kaɗan a kowane kututture domin sanar da 'yan'uwansa ya wuce. Na farko dole ne a tsaya masa. Na biyu kuwa in an biye masa ba za a kai ko'ina ba, sai a ja igiya a wuce.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, mafarauci ya riƙa duban abin da karensa ya fitar. Kare ba ya gumi irin na mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, ruwa kuwa da sauri yake ƙare masa. Fitsari kaɗan mai duhu alamar ƙishirwa ce ta yi yawa. Ɗan sakin ciki bayan doguwar tsere ba abin tsoro ba ne. Zawo mai jini da wari tare da amai a jikin kwikwiyo shi ne abin tsoro, domin alamar cutar fabo ce, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Ta kashi take yaɗuwa, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa. Don haka ba a haɗa kwikwiyo da garken karnuka sai ya gama allurarsa, wadda ake farawa a mako na 6 zuwa na 8 a ƙare wajen na 16, tare da ta haukan kare a wata uku.

Inda kashin yake ƙarewa

Yawancin 'yan kwikwiyo da macijin ciki ake haihuwarsu, domin tun suna mahaifa tsutsar ke ratsowa daga jikin uwa. Macen wannan tsutsa, wadda masana ke kira Toxocara canis, tana iya zuba ƙwai har 200,000 a yini. Ƙwan ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa. Bayan nan yana iya shekaru yana jira, musamman a inuwa mai laima irin ta fadama da gindin randa. Yaron da ya yi wasan ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar na iya bin jininsa ta kai hanta, wani lokaci ta kai ido ta lalata gani. Wata tsutsar kuma ta fatar ƙafa take shiga, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya kamar sawun tana. Wannan jinkiri na mako biyu shi ne damar da maigida yake da ita. Kashin da aka kwashe da fartanya a ranar da aka yi shi aka zuba a masai, ya tafi da ƙwansa. A daji kuma sai a haƙa rami mai zurfi a binne, nesa da rafi da burtali. Ba a zuba shi cikin takin lambu, balle na latas da kabeji da ake ci ɗanye. Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har ya kai mako takwas, a ba uwar ita ma.

Manyan biranen duniya da doka suka bi wannan al'amari. Birnin New York ya tilasta wa mai kare kwashe kashin karensa tun 1978, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1996. A Kiru ko Doguwa ba a bukatar ɗan sanda ya bi bayan kare. Mafarauta suna da shugabanninsu da suke jin maganarsu, kuma malamin dabbobi ko duba-gari da ya zauna da Sarkin Dawa kafin buɗe farautar rani zai isar da saƙo fiye da takardar da aka manna a sakatariya.

Akwai tsutsa ta uku da ba ta ba da wancan jinkiri, ita ce ƙaramar tsilar nan mai suna Echinococcus granulosus, wadda ƙwanta ke kama mutum tun ranar da ya fito. Kare yana samunta ne in ya ci ɗanyar hanta ko huhun tunkiya, ko na akuya, ko na raƙumi, mai ɗauke da ƙullutun ruwa. Ya zuba ƙwan a makiyaya, dabba ta ci da ciyawa, mutum kuma ya samu daga hannunsa ko daga gashin karen. A jikin mutum ƙullutun yakan yi shekaru yana girma a hanta ko huhu, sau da yawa sai an yi fiɗa. Abin takaici, ladan da aka fi ba karen farauta shi ne kayan ciki ɗanye, mahauta kuma sukan jefa wa karnukan bakin kwata duk hantar da suka ga ta lalace. Hanta mai ƙullutu ƙone ta ake yi ko a binne ta da zurfi. Sauran kayan cikin kuwa a dafa su su nuna kafin a ba kare, mafarauci kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa shi a akushi.