An sallame ka daga aiki, ciwo ya kayar da kai: kana da fansho?

 

Yau maganarmu a kan ƙananan ma'aikatan gwamnati take: direba, mai gadi, lebura, mai shara. Kusan kowane gari akwai wanda ya yi irin wannan aiki, aka sallame shi, ya komo gida. Wani ya komo da ciwon ido, wani da shanyewar jiki. Sai ya zauna, ya ce shi ke nan, tunda an kore shi ba ya da komai.

Ba haka ba ne. Ku saurara da kyau.

Manyan ma'aikata suna da asusunsu daban. Ƙanana kuwa, kuɗinsu yana zuwa CNSS, wadda muke ce wa Kes. An kafa ta a 1965. Kowane wata ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara nashi, a zuba can. Sallama ba ta shafe abin da aka zuba da sunanka.

Amma fanshon naƙasa yana da sharaɗi. Sai likitan da Kes ta yarda da shi ya shaida ƙarfinka na neman abinci ya ragu da kashi 2 cikin 3. Sai ka shekara 5 da rajista. Kuma cikin wata 12 kafin ciwon ya kayar da kai, sai an zuba maka kuɗin wata 6.

Nan ne mutane suke faɗuwa. Bari mu yi lissafi tare, tunda kun koya. Mai gadi ya shekara 10 yana aiki, aka sallame shi. Bayan wata 3 idonsa ya rufe. A cire 3 daga 12, saura nawa? Saura 9. To, 9 ta fi 6, ya cika sharaɗi. In kuwa sai bayan wata 8 ciwon ya zo, saura 4 ke nan, bai cika ba.

Kun gani, ranar da ciwo ya fara ita ce magana. Wa zai shaida wannan rana? Takardar likita. Ni abin da yake ba ni haushi, mutum ya yi shekara yana shan saiwa a ɗaka, sannan ya je likita. Ciwon tsoho ne, takardar sabuwa. Da me zai kare kansa?

Hatsarin da ya same ka a bakin aiki, shi hanyarsa daban ce, za mu yi maganarsa wata rana.

Wanda abin ya shafa, ya nemo katinsa na Kes mai lamba, da takardar sallama, da takardun albashi, da na likita. Kada a naɗe goro da su! Ya kai su biron Kes a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Wanda bai iya tafiya ba, ɗansa ko ƙanensa ya raka shi.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.