Jawabi Ga Makiyaya Kan Ƙwarin Da Aka Sauya Wa Halitta



Maganar yau ta gona ce, amma ta shafi garke. A shekarar 2016 wata tsutsa daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Afirka ta Yamma, tana cin masara da dawa. Manomi ya ga hatsinsa zai salwanta, sai ya yi ta feshin magani. To, karan da aka fesa, bayan girbi wa ke kiwonsa? Shanunmu. Ruwan gonar kuma tabkinmu yake gangarawa.

Wani kamfanin Ingila, Oxitec, ya fito da wata dabara. Tsutsar nan, in ta girma, ƙwaro take zama mai tashi da dare. Sai suka sa wa namijin wata ƙwayar halitta. In ya barbari mace a gona, ƴaƴa matan duka mutuwa suke yi tun suna ƙanana, mazan su rayu su kai abin gaba. Da haka masu yin ƙwai ke raguwa. Ƙasar Barazil ta amince da shi a 2021.

Yaƙar ƙwaro da ɗan uwansa ta taɓa yi wa makiyaya rana. A Libiya, ƙudan da tsutsarsa ke cin naman dabba da ranta ya ɓulla a 1988. Aka kawo ƙudajen da aka kashe wa haihuwa daga Meksiko aka saki, a 1991 cutar ta ƙare. Haka aka gama da tsando a tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, sammore ya kau. Amma ku riƙe bambancin: waɗancan haske aka buga musu, ba a sa musu baƙuwar ƙwayar halitta ba.

Don haka, ƴan uwa, kada mu ce a'a da ka, kada mu ce i da ka. Burkina Faso ta saki sauron da aka sauya a ƙauyen Bana a 2019, gwamnati ta dakatar da aikin a 2025. Ƙwaro bai san iyakar ƙasa ba. Duk ranar da aka zo da wannan magana ƙasarmu, a zauna da makiyaya tun kafin a saki ko guda. A faɗa mana, da bakinmu, ko feshi zai ragu, da wanda zai biya in an yi hasara.

Kowa ya kai saƙon nan rugarsa. Allah ya kiyaye mana dukiya. Wassalam.