Na'ura Ba Ta Ɗaukar Alhakin Jini



'Yan'uwa, maganarmu a yau kan samarin da ake horarwa ne a makarantun hafsoshin soja, irin su West Point ta Amurka da Sandhurst ta Ingila. Su ne za su gaji yaƙin da kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ke tace bayanai, ta nuna inda za a kai hari. To yaushe ne hafsa zai gaskata ta, yaushe kuma zai ce mata a'a?

Ku dubi misali biyu daga na'urorin da suka gabace ta. Ranar 26 ga Satumba, 1983, na'urar gargaɗin Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami biyar. Laftanar Kanar Stanislav Petrov ya yi nazari: mai niyyar yaƙin nukiliya ba zai fara da biyar ba. Ya shaida wa manyansa cewa kuskure ne. Ashe hasken rana a kan gajimare ne ya ruɗi tauraron ɗan'adam. A 2003 kuwa, lokacin yaƙin Iraƙi, na'urar Patriot ta ɗauki jirgin yaƙin Ingila a matsayin makamin abokan gaba. Sojojin Amurka suka bi maganarta, suka harbo shi, mutum biyu suka mutu.

An san soja da bin umurni, amma na'ura ba kwamanda ba ce. Ba ta rantsuwa, ba ta tsayawa gaban kotu, ba ta ɗaukar alhakin jini. Saboda haka wajibi ne a koya wa ɗalibin hafsa inda take kuskure, a kuma saba masa da tuhumarta a filin atisaye, tun kafin ranar da minti ɗaya kawai zai samu ya yanke hukunci.

Wassalamu alaikum.