Ƙafa Bayan Jinya

Yau hirar tamu a kan ƙafa ce, kuma da labarin wata tsohuwa 'yar Amurka zan shiga.

Sunanta Harriette Thompson, an haife ta a 1923. Ba 'yar wasa ba ce, sana'arta kiɗan fiyano. Sai da ta kai shekara 76, a 1999, sannan ta fara shiga gudun fanfalaki na birnin San Diego, don ta tara wa masu ciwon dajin jini kuɗin taimako. Nisan gudun nan kilomita 42 ne da ɗoriya, ki ƙaddara kamar daga Kano zuwa Wudil a ƙafa. A 2013 ba ta samu zuwa ba, ciwon daji ya kama ta a baki. A 2014 kuma ya ɓulla mata a fatar ƙafafu, aka ƙona shi da hasken na'ura a asibiti, wurin ya zama gyambo. Da ɗaurin bandeji ta koma fili tana da shekara 91, ta gama cikin awa 7 da minti 7. Shekara na zagayowa, a watan Janairun 2015, mijinta ya rasu bayan zaman aure na shekara 67, ga kuma ƙwayar cuta ta shiga mata ƙafa ta hana ta motsa jiki yadda ta saba. Duk da haka a ƙarshen watan Mayu ta sake fita tana da shekara 92, ɗanta na gefenta, ta gama cikin awa 7 da minti 24. A lokacin babu macen da ta taɓa gama wannan gudu da shekaru irin nata. Ta rasu a 2017.

Na san wata tana can tana dariya, tana cewa ni da ko zaure ba na leƙawa, ina ruwana da gudu? Gaskiyarki, Hajiya, ba gudu na ce ki yi ba. Amma wacece a cikinmu ba ta taɓa zamewa a bakin rijiya ko a banɗaki ba? Targaɗe, gocewar ƙashi, karaya, ciwon gwiwa, duk muna fama da su. Kuma ƙafar mai gudu da taki halitta ɗaya ce, hanyar warkewarsu ma ɗaya.

Abin da masu gudun nan suka gane shi ne, ranar da zafi ya tafi ba ita ce ranar da ƙafa ta warke ba. Ƙashin babban mutum kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, wani ma ya fi haka. A tsawon wannan zaman naman ƙafar yana zubewa. Ki duba ƙafar da aka kwance wa filasta, za ki ga ta fi 'yar uwarta sirantaka. Numfashi da ƙarfin zuciya suna saurin dawowa, amma jijiya da ƙashi masu nawa ne. Nan ne ake ruɗuwa: mutum ya ji garau, ya zabura, ciwo ya dawo sabo.

Shi ya sa mai gudun da ya san abin da yake yi da tafiya yake farawa. In tafiyar ta zauna babu ɗingishi, sai ya riƙa sassarfa ta minti ɗaya, ya koma tafiya, ya sake. Yau ya yi, gobe ya huta. Da yawansu ba sa ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan abin da suka yi makon jiya. Alƙalinsu kuwa safiyar gobe ce. In an tashi ƙafa ta kumbura ko tana suka, to jiya an wuce gona da iri, sai a koma baya.

Mu kuma kuskurenmu iri biyu ne. Wata tana jin sauƙi sai ta ɗauki tulu, ta hau turmi, ta goya yaro, don kada a ce ta cika son jiki. Wata kuma sai ta lafe a tabarma wata uku, gwiwa ta sandare, tashi ma sai an kama ta. A ganina ta biyun ta fi shiga haɗari, don doguwar kwanciya kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. In kin ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, kada a murza ta. Maigida ya kai ki asibiti a ranar.

Tsakar gidanki ta ishe ki fili. In likita ya ce ki fara takawa, ki dafa bango ki zaga na minti biyar da hantsi, ki ƙara da la'asar. Kina zaune kina tsince shinkafa, ki miƙe ƙafar, ki riƙe, ki sauke, ki juya idon sawu. Daga baya ki gwada tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango. Sallah a zaune ta halatta ga marar lafiya, kada ki matsa wa gwiwa kafin lokacinta. Hantsin nan ma magani ne, hasken rana yana taimaka wa jiki ya amfana da abin gina ƙashi da ke cikin nono, kindirmo, zogale, kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Sai maganar ɗori. Ban raina masu ɗori ba, gado ne, amma in an ɗaure kika ga yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko ba kya jin su, jini ne ba ya wucewa. A sassauta nan take, a tafi asibiti irin na ƙashi da ke Dala, don ta haka mutane suke rasa ƙafa. Mai ciwon suga kuwa, ko ɗan ƙaramin gyambo ta gani a ƙafa, kada ta jira ya kwana biyu.

Lokaci ya cimmana. Mai tambaya ta aiko da wasiƙa ta hannun maigida ko yara, za mu miƙa wa likita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.